Littafi A Hannu Da Yawa: Tarihin Watsa Ilmi Daga Hubbaren Shehu Zuwa Yanar Gizo

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a waiwayi yadda aka adana ilmi, aka kuma watsa shi, a Daular Sakkwato tun daga zamanin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, sa'an nan a gwada wannan da muhawarar da masana kwamfuta suke yi game da tsarin yanar gizo. Muhawarar tasu a kan tambaya guda take, watau shin ya fi kyau a tara bayanai a cibiya ɗaya mai ƙarfi, ko kuwa a rarraba su a hannun mutane da yawa, ta yadda rushewar wuri ɗaya ba za ta halaka sauran ba? Mu a ganinmu, malaman Sakkwato sun fuskanci irin wannan tambaya tun da daɗewa, kuma sun amsa ta a aikace. Mun ɗauki Hubbare ya zama mafarin bayaninmu domin a nan gidan Shehu yake, a nan ya rasu a 1817, a nan aka rufe shi, kuma kusa da shi aka rufe 'yarsa Nana Asma'u. Abin lura shi ne, ko da yake Hubbare matattarar masu ziyara ce daga Nijeriya da Nijar da sauran ƙasashe, ba a taɓa mayar da ita taska guda ta littattafan Shehu ba. Littattafan suna can warwatse a gidajen malamai.

2.0 Ma'anar tsarin rarrabawa

Kafin mu shiga tarihi ya kamata mu bayyana abin da muke nufi. A 1964 wani injiniya a Amurka mai suna Paul Baran ya wallafa bincike a kan yadda za a gina hanyar sadarwa wadda za ta tsira ko da an kai wa ƙasa harin makamin nukiliya. Ya kasa hanyoyin sadarwa gida uku. Na farko shi ne wanda kowane saƙo sai ya bi ta cibiya ɗaya, in aka rushe cibiyar kowa ya yanke. Na biyu shi ne mai ƙananan cibiyoyi da yawa, kowace da mabiyanta. Na uku kuwa kamar koma yake, kowane ƙulli yana haɗe da maƙwabtansa, in zare ɗaya ya tsinke sai saƙo ya zagaya ta wani. A cikin wannan takarda, in mun ce tsarin rarrabawa, muna nufin na biyu da na uku. Akwai matsaloli uku da kowane irin wannan tsari yake fama da su: yadda za a yawaita kwafi, da yadda za a tabbatar kwafin bai gurɓace ba, da yadda mai nema zai san inda abin yake. Da waɗannan ma'aunai uku za mu auna tarihinmu.

3.0 Tuta da wasiƙa

Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Jihadin da ya biyo baya bai gudana da runduna guda wadda ta taso daga wuri ɗaya ta ci ƙasar Hausa ba. Almajiran Shehu ne suka zo suka karɓi tuta, kowa ya koma ƙasarsa: Sulaimanu a Kano, Ummarun Dallaje a Katsina, Malam Musa a Zazzau, Yakubu a Bauchi, Buba Yero a Gombe, Modibbo Adama a Fombina. Abin da ya haɗa su shi ne karatu iri ɗaya da takardu iri ɗaya, irin su *Wathiƙatu Ahlis Sudan*, wadda aka yi ta kwafa ana aikawa gari gari. Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808 da kafa Sakkwato a 1809, Shehu ya raba kula da ƙasa tsakanin ƙanensa Abdullahi, wanda ya riƙe yamma, da ɗansa Muhammadu Bello, wanda ya riƙe gabas. Daga nan aka sami Gwandu da Sakkwato.

Ba za mu ce daular ba ta da cibiya ba. Sarkin Musulmi ne yake tabbatar da naɗin sarakuna, ana kai masa gaisuwa da haraji, kuma Waziri ne ƙofar manyan masarautu kamar Kano da Zazzau, ta hannunsa wasiƙu suke shiga suke fita. Ke nan mulki yana da cibiya, ko da yake sarakuna suna da 'yancin gudanar da harkokin yau da kullum. Amma ilmi bai bi wannan tsari ba. Ba a kafa wani ofishi da zai ba malami izinin kwafar littafi ba, ba a kuma ware wani gida aka ce a nan kaɗai asalin littafi zai zauna ba.

4.0 Yadda littafi yake yaɗuwa

Shehu ya wallafa littattafai fiye da ɗari da Larabci, ban da waƙoƙinsa na Fulatanci. Abdullahi da Bello su ma sun yi rubutu mai yawa. Duk wannan kuwa an yi shi ba tare da injin ɗab'i ba. Takarda daga Turai take zuwa ta hanyar fatake na Tarabulus da Masar, kuma mafi shahara ita ce mai tambarin wata uku wadda ake yi a Italiya. Tawada da alƙalami a gida ake yin su. Almajiri in ya zo karatu wurin malami yakan kwafi littafin da hannunsa, ya karanta shi a gaban malamin, in ya sauke ya tafi da kwafinsa garinsu, can kuma nasa almajiran su kwafa daga gare shi. Watau kowane mai karɓa yana zama mai bayarwa.

Akwai wata siffa ta littattafanmu da ta taimaka wa wannan. Ba a ɗinke su, warƙoƙi ne a sake, a sa su cikin tadarishi, a zura cikin gafaka. Saboda haka ana iya raba littafi ɗaya ga almajirai da dama, kowa yana kwafar nasa kashi a lokaci guda. Don kada warƙoƙi su rikice, marubuci yakan sa kalmar farko ta shafi mai zuwa a ƙasan shafin da ya gama, ta haka ko iska ta watsa takardu ana iya jera su daidai.

Game da matsala ta biyu, watau tabbatar da inganci, malamai suna da dabarunsu. Akwai muƙabala, inda ake karanta sabon kwafi ana gwada shi da wanda aka kwafo, ana gyara kuskure a gefen shafi. Akwai ijaza da isnadi, waɗanda suke nuna daga wa mutum ya karɓi littafi, shi kuma daga wa, har a kai ga mawallafi. Shehu ya tattara nasa isnadai a cikin *Asanidul Faƙir*, Abdullahi kuwa ya lissafa malamansa da littattafan da ya karanta a wurinsu a cikin *Ida'un Nusukh*. Ashe darajar kwafi ba ta rataya ga ginin da aka ajiye shi ba, ta rataya ne ga sarƙar mutanen da ya biyo ta hannunsu.

Shaidar nisan da littafi yake yi ta wannan hanya ta zo daga baƙi. Lokacin da Hugh Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, ya koma da wani sashe na *Infaƙul Maisur* na Muhammadu Bello, aka fassara aka buga a Ingila a 1826. Haka kuma a 1853 Heinrich Barth ya sami *Tarikhus Sudan* a Gwandu, littafin da aka rubuta a ƙasar Tambutu a ƙarni na 17, ya kwafi sassa daga cikinsa. Littafin Tambutu ya iso Gwandu ne hannu da hannu, ba tare da wata hukuma ta aiko shi ba.

5.0 Nana Asma'u da 'yan taru

Littafin Larabci na masu karatu ne. To, yaya ilmi zai kai ga matan karkara waɗanda ba su san baƙi ba, kuma aure da raino ba su barinsu su zo birni? Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, matar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, ita ta warware wannan. Ta zaɓi dattijan mata masu hankali daga ƙauyuka, ta naɗa kowacce jaji, ta ba ta malfa da jan rawani alamar izini. Jaji takan jagoranci tawagar tsofaffi da 'yan mata zuwa wurin Asma'u, su koyi waƙoƙin wa'azi da tauhidi da tarihin Annabi da na jihadi, su koma su koya wa matan da suka rage a gida. Waɗannan su ake kira 'yan taru. Bayan rasuwar Asma'u ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da aikin.

Abin da ya kamata mu lura da shi a nan shi ne zaɓen waƙa. Asma'u ta yi rubutu da Fulatanci da Hausa da Larabci, ta kuma mayar da wasu waƙoƙin Shehu zuwa Hausa, ɗan'uwanta Isa shi ma ya fassara wasu nata. Waƙa ba ta bukatar takarda, kuma karinta da amsa-amonta suna tsaronta, domin in mai rerawa ya yar da kalma ko ya sauya ta, kunne zai ji karin ya karye. Bugu da ƙari, mawallafan sukan rufe waƙa da ramzi, watau haruffa masu nuna shekarar da aka yi ta, wani lokaci da adadin baitoci, don mai karɓa ya san ko an rage masa wani abu. Ta haka ƙirjin kowace jaji ya zama taska, kuma ba mai iya ƙone taskokin nan gaba ɗaya.

6.0 Jarrabawar 1903

An gwada ƙarfin wannan tsari ran 15 ga Maris 1903, lokacin da sojojin Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi gabas da jama'a mai yawa, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran har ƙasar Sudan, inda suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Cibiyar mulki ta faɗa hannun Turawa cikin yini guda. Wasiƙun da aka samu a gidan Waziri Buhari sun shiga hannunsu, har H. F. Backwell ya buga fassararsu a 1927. Wannan shi ne halin abin da aka tara a wuri ɗaya: wanda ya kama wurin ya kama abin.

Amma littattafan Shehu da Abdullahi da Bello ba su shiga wannan hali ba, domin babu ƙofa guda da za a tsare a ce an tsare su. Suna Kano da Zariya da Yola da Bida da Ilori, suna ƙasar da Faransa ta mallaka, wasu kuma sun bi masu hijira zuwa Sudan da Makka. Turawa sun kawo boko, sun mayar da shi rubutun ofis, duk da haka makarantun zaure suka ci gaba da kwafa da karantarwa kamar da.

7.0 Raunin rarrabawa da zamanin tattarawa

Adalci ne mu faɗi inda tsarin ya gaza. Na ɗaya, kwafi yana yawaita ne ga littafin da ake karantarwa kullum. Wanda ba a cika nema ba yakan rage kwafi ɗaya ko biyu, in gara ko ɗigon ruwa ko gobara ta same shi, shi ke nan. Rabon gado ma yakan raba littafi ɗaya gida biyu, tun da warƙoƙi ne a sake. Na biyu, inda isnadi ya yi rauni akan jingina wa Shehu ko Bello abin da ba su rubuta ba, kuma manazarta sun sha wahalar tace irin waɗannan. Na uku, wanda ya fi duka, shi ne matsalar nema. Mai bincike ba shi da hanyar sanin gidan da littafi yake sai ta tambayar malamai baki da baki.

Wannan ne ya kawo zamanin tattarawa. W. E. N. Kensdale ya fitar da jerin rubuce-rubucen Larabci na ɗakin karatun Jami'ar Ibadan tsakanin 1955 da 1958. A 1964 aka kafa cibiyar adana takardun Larabci a Ibadan ƙarƙashin John Hunwick, aka kuma fara shirin binciken tarihin Arewa a Jami'ar Ahmadu Bello, wanda Abdullahi Smith ya jagoranta, shi ne kuma ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. A Sakkwato aka kafa hukumar tarihi wadda daga baya aka sa mata sunan Waziri Junaidu. Sai dai mu tuna cewa duk waɗannan cibiyoyi daga gidajen malamai suka ɗebo. Laburaren Waziri Junaidu, wanda ya rayu daga 1906 zuwa 1997, shi ne ginshiƙin littafin Murray Last na 1967 a kan daular, kuma daga gidan ne Jean Boyd ta sami rubuce-rubucen Asma'u waɗanda ita da Beverly Mack suka buga a 1997. Hanyar da ta fi amfani a lokacin ita ce a ari littafi, a ɗauki hotonsa, a mayar wa mai shi. Ta haka cibiya ta ƙara kwafi ba tare da ta raba gida da gadonsa ba.

Abin da ya faru a Tambutu ya nuna hikimar haka. A watan Janairu na 2013, 'yan bindigar da suka mamaye garin sun ƙone ko sun kwashe kimanin littattafai 4,000 a Cibiyar Ahmad Baba kafin su fice. Mafi yawan littattafan garin kuwa suna hannun iyalai, kuma Abdel Kader Haidara da abokan aikinsa sun riga sun fitar da su a ɓoye cikin akwatuna, ta mota da ta jirgin ruwa, zuwa Bamako.

8.0 Yanar gizo ta bi sawun

In muka juya ga intanet za mu ga ta bi irin wannan zagaye. Ta fara a 1969 da kwamfutoci huɗu a jami'o'i da cibiyoyin bincike na Amurka, bisa tsarin yanka saƙo gunduwa gunduwa, kowace gunduwa da lambarta, su bi hanyoyi dabam dabam, a jera su a inda suka sauka. Wannan bai yi nisa da dabarar warƙoƙi da kalmar ƙasan shafi ba. A 1989 Tim Berners-Lee ya tsara yanar gizo a cibiyar CERN da ke Jeniba, a 1993 cibiyar ta sake ta kyauta, kowa yana iya kafa shafinsa ba da izinin kowa ba. Amma da tafiya ta yi nisa sai jama'a suka tattaru a hannun kamfanoni ƙalilan, saboda su ne suka warware matsalar nema da sauƙin amfani.

Illar haka ta bayyana. A 2009 aka rufe GeoCities, shafukan miliyoyin mutane suka tafi sai abin da masu sa kai suka ceto. Ran 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa shida saboda kuskure guda a cikin kamfani guda. A nan gida, gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara da ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro. A watan Maris na 2024 kuma wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, harkar bankuna da ofisoshi ta tsaya cik a wurare da yawa.

Saboda irin wannan ne masana suka koma neman tsarin rarrabawa. A 1999 ɗakin karatun Jami'ar Stanford ya fara shirin LOCKSS, inda ɗakunan karatu da yawa suke riƙe kwafin mujalla ɗaya, kwamfutocinsu suna gwada kwafin juna, in na wani ya lalace a gyara masa daga na sauran. Wannan muƙabala ce da inji. A 2001 Bram Cohen ya fito da BitTorrent, wanda a cikinsa kowane mai saukar da fayil yake ba wasu gunduwoyin da ya riga ya samu, kamar almajirin da ya zama malami. A 2015 aka saki IPFS, wanda yake kiran fayil da wani hatimi na lissafi da aka ciro daga abin da ke cikinsa, ta yadda in aka sauya harafi ɗaya hatimin zai sauya, kuma ko daga hannun wa aka karɓo fayil ana iya tabbatar da shi. Mastodon kuwa, wanda ya fito a 2016, dandali ne mai ƙananan cibiyoyi masu cin gashin kansu da suke musayar saƙo da juna. Waɗannan ma suna da irin raunin da muka ambata, domin fayil ɗin da ba mai riƙe da shi yakan ɓace kamar littafin da aka daina karantarwa.

Jama'armu ma ba su jira masana ba. Tun zamanin kaset ake kwafar wa'azi da tafsiri hannu da hannu, bayan shigowar wayar salula a 2001 kuma aka koma tura karatu da waƙoƙi daga waya zuwa waya, ko a katin ajiya a rumfunan masu turi a kasuwa, ba tare da an hau intanet ba.

9.0 Kammalawa

Mun ga cewa ilmin Sakkwato ya tsira daga 1903 saboda yana hannu da yawa, ya kuma sami tsari da jeri a ƙarni na 20 saboda an kafa cibiyoyi. Kowane ɗaya yana bukatar ɗan'uwansa. Abin da ya sa muka kawo wannan batu gaban taro shi ne, ana ta ɗaukar hotunan littattafanmu da na'ura, kuma sau da yawa kwafin yakan ƙare a kwamfuta ɗaya ta ofis, ko a ma'ajiyar wata cibiya ta ƙasar waje. Muna godiya ga masu wannan taimako, amma Bahaushe ya ce zanen aro ba ya rufe katara.

Don haka muna ba da shawara uku. Ta farko, duk littafin da aka ɗauki hotonsa a ba gidan da ya fito cikakken kwafi, a kuma bar musu asalin. Ta biyu, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da hukumar tarihi ta Waziri Junaidu da Gidan Arewa da Jami'ar Bayero da takwarorinsu na Yamai su yi yarjejeniyar riƙe kwafin juna, suna gwada su lokaci lokaci. Ta uku, kwalejojin ilmi su koya wa ɗalibai karatun ajami da rubutun Magaribi tare da aikin kwamfuta, domin hoton littafin da ba mai iya karanta shi bai fi wanda gara ta ci amfani ba. A tare da kowane hoto kuma a rubuta gidan da aka samo shi, da sunan wanda ya kwafa, da malaman da ya biyo ta hannunsu, kamar yadda magabata suke yi. Muna fatan mahalarta za su gyara mana inda muka yi kuskure. Allah ya sa mu dace.